Kula da Motar Gudu da Hannunka a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Motocin gudu da ake gani tsakanin Sabon Gari, Samaru da Tudun Wada, irin su Mustang, Camaro, Challenger, Nissan 350Z da 370Z, Toyota 86, BMW 335i da Golf GTI, kusan dukansu 'yan kwatano ne. An ƙera su ne don titi mai santsi, iska mara ƙura da fetur mai ƙarfi. Da suka iso nan sai suka tarar da hazon hunturu, da zafin Maris da Afrilu, da ramukan damina, da fetur iri ɗaya tak a kowane gidan mai. Akasarin lalacewarsu daga nan take tasowa, sauran kuma daga gyaran ƙiyasi ne, wato a yi ta canja kaya ba tare da an auna komai ba. Adadin da muka kawo a ƙasa na motocin da muka ambata ne. Duk inda ya saɓa da littafin motarka, littafin za ka bi.

Wane kayan aiki ya kamata in fara mallaka?

Akwatin soket daga lamba 8 zuwa 21, sufanu, sukudireba, filaya, da mitar auna wutar batir. Mai BMW ko Volkswagen zai ƙara da makullai masu bakin tauraro, wato Torx, domin rabin notocin motarsa irinsu ne. Sai sufanar auna ɗauri, wadda take yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita. Wannan ita ce mutane suka fi ƙin saya, ita ce kuma ta fi hana ɓarna, saboda akasarin injinan nan na alminiyum ne, da an zarce wajen ɗauri zare ya tafi.

Jak ɗin gama-gari ba ya shiga ƙarƙashin waɗannan motoci. Ka nemi mai kwanciya, ko ka fara ɗora tayar a kan falankin katako don motar ta ɗan ɗago. Ka sa jak a daidai inda littafi ya nuna, in ba haka ba za ka lanƙwasa gefen bodi. Abu mafi muhimmanci shi ne ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti, yana rugurgujewa ne lokaci ɗaya ba tare da wata alama ba. Idan tsakar gidanka ƙasa ce, ka shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin ƙafafun, ka kuma sa waigi a tayar da ta rage a ƙasa.

Fitilar injin ta kama a dashbod. In cire kan batir ta mutu?

Kada ka yi haka. Cire kan batir yana iya goge lambar, amma ciwon yana nan, ka dai share shaidar da za ta kai ka gare shi. Ka fara duba yadda fitilar take. Idan ta tsaya cak kuma motar tana tafiya daidai, kana iya kai ta gida. Idan tana ƙyaftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa. Ka sassauta totur, ka tsaya da wuri.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da soket mai ƙafa 16 da ake kira OBD-II, yawanci ƙarƙashin sitiyari. Ka sayi ƙaramar na'ura irin ELM327 mai haɗuwa da waya, ka sauke manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Ka soka na'urar, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka karanta lambobin, ka rubuta su a takarda. Ka kuma duba bayanin da birenbos, wato kwamfutar injin, ya adana na lokacin da matsalar ta faru: gudun injin, zafin ruwa, da nauyin da yake ɗauke da shi. Lambar da ta fito da sanyin safiya a sulo daban take da wadda ta fito kana ba da wuta a hanyar Kaduna. Irin waɗannan manhajoji yawanci injin kaɗai suke gani. Don duba giya, ABS ko jakar iska, mai Ford ya nemi FORScan, mai BMW ya nemi BimmerLink, mai Volkswagen kuma VCDS ko OBDeleven.

To na karanta lambar. Sai in sayi sansar da ta ambata?

Nan ne kuɗi suka fi salwanta. Lamba tana faɗa maka inda birenbos ya ga abin da bai gamsu da shi ba ne, ba ta ce wannan kayan ya mutu ba.

P0301 zuwa P0308 suna nufin silinda ta 1 zuwa ta 8 tana tsallake wuta, P0300 kuma ba a silinda ɗaya abin ya tsaya ba. Gwajinsa kyauta ne. A ce P0303 ta fito. Ka cire kwayil ɗin silinda ta 3 ka musanya shi da na ta 1, ka goge lambar, ka ɗan zaga. Idan ta koma P0301, kwayil ne ya mutu. Idan ta tsaya a 3, ka musanya fulogi haka nan. Idan har yanzu tana nan, saura nozul ko matsin silinda. Da wannan ka tsira daga sayen kwayil shida ko takwas alhali ɗaya ne ya lalace.

P0171 da P0174 suna nufin iska ta yi wa mai yawa, a ɓangare na ɗaya ko na biyu na injin. Ɓangare na ɗaya shi ne wanda silinda ta 1 take ciki. Ka buɗe adadin da manhajar ta rubuta STFT da LTFT, wato yawan man da birenbos yake ƙarawa ko ragewa. In an haɗa su biyun bai kamata su wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Idan adadin ya hau a sulo, ya kuma sauka da ka riƙe injin a juyi 2,500, iska ce take satar hanya ta wani tsagaggen tiyo ko gaskit. Idan kuwa yana daidai a sulo amma yana hawa in ka ba da wuta, mai ne ba ya isa, ko sansar auna iska ta yi datti.

P0128 tana nufin injin ba ya kai zafin da ya kamata, kuma a motocinmu kusan kullum an cire tamostat ne ko ta maƙale a buɗe. P0420 da P0430 na tukunyar tace hayaƙi ne, wadda makanikai suke kira indomi. P0087 matsin fetur ne ya faɗi, P0299 kuma turbo ne ba ya hura yadda ake so, sau da yawa saboda tiyon da ya fashe ko zoben ɗauri da ya saki.

Makanike ya ce da zafin Zariya sai baƙin mai 20W-50. Gaskiya ne?

Wannan shawara ta dace da Peugeot 504, ba ta dace da waɗannan injina ba. Hanyoyin mai a cikinsu ƙanana ne, kuma matsin man ne yake juya na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul. Mai mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, sarƙar taimin ta yi ƙara, lambobi irin su P0016 su fara fitowa. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man yake gudana da sanyi, ta bayanta kuma kaurinsa idan injin ya yi zafi. Shi kuwa zafin cikin injin, tamostat da lagireto ne suke tsayar da shi, ba ranar waje ba.

Toyota 86 da Subaru BRZ na farko suna shan 0W-20, lita 5.4 har da filta. Nissan 370Z 5W-30, wajen lita 4.9. BMW 335i mai injin N54 lita 6.5 na 5W-30 mai shaidar LL-01. Mustang 5.0 na 2011 zuwa 2017 yana cin wajen lita 7.6 na 5W-20, na 2018 kuma ya ƙaru zuwa wajen 9.5. Challenger mai Hemi 5.7 wajen lita 6.6 na 5W-20, kuma shi musamman kada ka sauya masa kauri, domin tsarinsa na kashe silinda huɗu a tafiyar hankali da matsin man yake aiki. Akwai injinan da mai kauri aka ƙera su da shi, irin su BMW M3 na E46 da E92 masu shan 10W-60, amma kamfani ne ya rubuta, ba hasashe ba ne.

Abin da ya kamata ka sauya saboda yanayinmu shi ne tazarar juye. A ganinmu kilomita 5,000 zuwa 6,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka tuna malejin motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Yaya zan yi juyen da kaina?

Ka tayar da injin minti biyar zuwa goma man ya yi ɗumi, ka kashe, ka ɗaga motar ka tokare. Ka kwance murfin zuba mai na sama, ka tara kwano, ka kwance notin ƙasa. Ka bar shi ya tsiyaye aƙalla minti goma. Kafin ka zubar, ka haska man da fitila. Ƙyalƙyali kamar garin zinariya ko tagulla alama ce metal ɗin injin yana cinyewa. Ka sa sabuwar washa, ka ɗaure notin da sufanar aunawa, yawanci tsakanin Nm 25 da 42 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) gwargwadon mota.

Idan ka cire tsohuwar filta, ka duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Yakan manne a jikin injin, a ɗora sabuwa a kansa, da an tayar da mota mai ya yi feshi ya ƙare cikin ɗan lokaci. Ka shafa wa sabon zoben mai, ka ɗaure da hannu. Ka zuba man ka rage rabin lita, ka tayar na minti ɗaya, ka duba yoyo, ka kashe, ka jira minti biyar, sannan ka auna ka cika. BMW 335i ba ta da sandar aunawa, a dashbod ake gani bayan injin ya yi zafi. Idan galan ya ƙare ka huda shi kafin ka yar, domin irin waɗannan galan ɗin masu jabun mai suke tsinta su sake cikawa.

Littafin motata ya ce fetur mai lamba 91 ko 93. Namu ya kai?

Akwai ruɗani a nan. Ma'aunin Amurka daban yake da wanda muke amfani da shi. Lamba 87 a famfon Amurka ita ce wajen 91 a ma'auninmu na RON, 91 tasu wajen 95 ce, 93 kuma wajen 98. Fetur ɗinmu yana wajen 91 RON ne, wato daidai da mafi ƙanƙanta a Amurka. Mustang 5.0 an yarda ya sha wannan, ƙarfinsa ne kawai yake ɗan raguwa. Amma 370Z, 86 da 335i mai ƙarfi littafinsu ya nema.

Idan mai bai kai ba, yana fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a hankali. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka danna totur. Injin yana da sansar da ke jin wannan ƙarar, birenbos ya ja lokacin wuta baya don ya kare fistin. Kariyar tana da iyaka. Abin da ya fi jawo ƙarar shi ne danne totur a babbar giya alhali juyin injin yana ƙasa, don haka ka sauko da giya kafin ka wuce babbar mota. Ka kuma guji ba da wuta mai tsanani da tsakar ranar bazara bayan ka daɗe a cunkoson PZ ko Kwangila, lokacin da komai a ƙarƙashin bonet ya gasu. Zariya tana sama da mita 600 daga teku, wannan yana ɗan sauƙaƙa wa injin da ba shi da turbo, amma mai turbo yana cike giɓin iskar da kansa, ba ya samun wannan rangwame.

Kwalaben ƙara ƙarfin mai ana ruɗa mutane da su. Idan an rubuta maki 4, yawanci 0.4 ake nufi. Wasu kuma suna barin jan tabo a kan fulogi da sansar hayaƙi. Ka tsaya wa gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka guji na 'yan bumburutu. Gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 mai yawan metanol ya nuna abin da mugun mai yake yi wa famfo da nozul. Kada ka bari tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, domin fetur ɗin ne yake sanyaya famfon da ke cikinsa.

Motar tana zafi. An ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tamostat ba don ƙasar ƙanƙara kaɗai aka sa ta ba. Ita ce take kai injin zafin aikinsa da wuri ta kuma riƙe shi a nan. In babu ita, birenbos yana ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ya yi ta ƙara mai, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A wasu injinan ma cire ta yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto ba, zafin ya ƙaru. Ka kuma sani BMW irin su N54 an ƙera su ne su yi aiki a sama da digiri 100, ganin 105 a na'ura ba matsala ba ne.

Ka bi dalilin zafin daki-daki, injin yana sanyi. Ka fara da murfin lagireto ko na tankin ruwa. Shi ne yake riƙe matsi, matsin kuma shi ne yake hana tafasa. Zallar ruwa a tsayin Zariya yana tafasa a wajen digiri 98, amma kulan, wato ruwan sanyaya injin, da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, ƙarƙashin murfi mai lafiya, yana wuce 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta tsage ya isa ya sa mota zafi. Sai ka haska tsakanin lagireto da kwandensar AC. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, ƙwari da leda suna taruwa a nan kamar tabarma, daga waje ba a gani. Ka wanke da tiyo mai sanyin matsi daga baya zuwa gaba. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da siraran fukafukan. Daga nan ka kunna AC ka ga ko fanka ta tashi. Idan motar tana zafi a cunkoso amma tana hucewa a kan hanya, fanka ce. Idan a kan hanya take zafi, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaza.

Kada ka zuba ruwan rijiya, na burtsatse ko na leda. Gishirin cikinsu yana daskarewa a hanyoyin lagireto, ya kuma ci alminiyum. Ka haɗa kulan da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ka dai tabbata ba asid aka ba ka ba. Famfon ruwan BMW N52, N54 da N55 na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama. Bayan ka canja shi ko ka juye ruwa, ka fitar da iska haka: ka kunna wuta ba tare da tayar da injin ba, ka kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙanƙanta, ka danne totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfon zai yi ta aiki da kansa wajen minti 12. Nissan 370Z na farko-farko kuma an san su da zafin baƙin mai idan an matsa musu, har birenbos ya rage gudu, maganinsa ƙara lagireton sanyaya mai.

Idan ka ga kumfa tana ta tasowa a tankin ruwa, ko farin hayaƙi mai kauri, ko abu kamar madara a sandar mai, gaskit ɗin kan injin ya tafi. Kada ka ƙara tayar da ita. Kuma kada ka taɓa buɗe murfi da zafi.

In sa filtar iska irin ta 'yan tsere?

Ba mu ba da wannan shawara a Zariya. Filtar auduga mai shafin mai tana barin iska ta wuce da yawa ne saboda ramukanta sun fi faɗi, ƙurar hunturu kuwa gari ce mai laushi. Idan man ya yi yawa yana shafar sansar auna iska, P0101 ko P0171 su biyo baya. Mai kan mazurari da ake barinta tsirara a ƙarƙashin bonet kuma iska mai zafi take zuƙa, wanda yake ƙara waccan ƙarar tsakuwa. Ka tsaya a ta takarda mai kyau, ka duba ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kada a hure ta da iskar mai faci, tana huda takardar. Ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filtar, in ka ga ƙura, akwatin ba ya rufuwa daidai. Sansar kuma da ruwan feshinta na musamman ake wanke ta, ba a taɓa wayar da hannu, ba a sa mata fetur.

Birkina yana laushi idan na yi ta takawa. Me ya jawo?

Man birki yana shan laima daga iska, laimar kuma tana saukar da zafin da yake tafasa. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, feda ta nutse. Ka canja shi duk shekara biyu. DOT 3, 4 da 5.1 suna haɗuwa, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Wajen fitar da iska mutum biyu ake bukata: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe noti ya rufe kafin a saki. A yawancin motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da tankin man, kuma kada a bari tankin ya ƙafe. Kalifa irin ta Brembo sau da yawa noti biyu gare ta, ciki da waje, duka ake buɗewa.

Fad idan ya sauka milimita 3 ya ƙare. Faifan kuma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Bayan sa sabon fad, ka nemi hanyar da babu kowa, ka taka daga kilomita 80 zuwa wajen 15 sau takwas ba tare da ka tsaya cik ba, sannan ka yi tafiyar minti biyar ya huce. Karkarwar sitiyari lokacin birki sau da yawa daga tsatsar da aka bari a mazaunin faifai take, ko daga notin taya da aka ɗaure ba daidai ba.

Tayar kwatano fa?

A gefen kowace taya, ƙarshen rubutun DOT, akwai lamba huɗu. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta bushe ko da zanenta yana da kyau. Ka guji mai hoton dutse da ƙanƙara, ta lokacin sanyin Turai ce, kwaltar Afrilu tana narkar da ita. Harafin ƙarshe na gudu ne: H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa. Iska kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ka auna da safe da gejinka, ba adadin da ke jikin tayar ba, wannan iyakarta ne.

Noti da sufanar aunawa ake ɗaure shi, a tsallake-tsallake: 370Z Nm 108, Toyota 86 da BMW E90 Nm 120, Mustang na 2015 zuwa sama Nm 204. Kada ka bari yaron mai faci ya hau sufana da ƙafa.

In ƙara girman rim in sauke motar ƙasa?

Taya 225/45 R17 tana da gefe wajen milimita 101, 255/35 R19 kuwa wajen 89. Wannan gefen shi ne yake shanye duka idan ka faɗa rami. Da ya ragu sai rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙulu. Yawancin motocin nan tsayinsu daga ƙasa santimita 12 zuwa 14 ne kawai, sauke su ya zama neman fasa kaskon mai. Ka hau tudun rage gudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Farantin kariya na ƙarƙashin injin ya fi maka amfani. Da damina kuma kada ka shiga ruwan da ba ka ga zurfinsa ba, bakin shan iskar waɗannan motoci yana ƙasa, in injin ya zuƙi ruwa sandar fistin take lanƙwashewa.

Batir yana mutuwa idan motar ta kwana biyu a ajiye.

Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, idan 12.2 ne ya sauka rabi. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6, injin yana aiki kuma a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Idan duk wannan daidai ne, wani abu ne yake shan wuta a ɓoye. Ka jera mita tsakanin kan batir na baƙi da wayarsa, ka rufe motar ka jira wajen rabin awa ta yi barci. Sama da miliam 50 ya yi yawa, sai ka bi fis ɗaya-ɗaya. Rediyo, tiraka da amfilifaya da aka ƙara su ne kan gaba. Kada ka yarda a cire kan batir injin yana aiki da sunan gwada caji, yana ƙona birenbos. BMW kuma sai an yi wa sabon batir rajista da na'ura, in ba haka ba za ta ci gaba da caja shi kamar tsoho.

An ce man giyata ba a canja shi har abada.

Kamfanin ZF da yake ƙera giyar BMW da na Challenger na baya-baya shi da kansa yana ba da shawarar canji, giyar DSG mai jiƙaƙƙen kuloci ta Golf GTI kuma duk kilomita 60,000 ne har da filta. Kowace giya da irin manta, ba kowane jan mai ba. Wajen giyar hannu da difarensha, ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi fita. Idan fedar kulocin 370Z ta fara maƙalewa a ƙasa, silindar da ke cikin gidan giya ce, sai an sauke giya.

Ina son ƙarin ƙarfi. Da me zan fara?

Da mayar da motar yadda ta fito daga kamfani. Sabon fulogi na asali, filta, wanke sansa da toshe satar iska suna dawo da ƙarfin da ya ɓace. Fulogi da sanyin injin ake canja shi, a fara murɗa shi da hannu. N54 yana bukatar siririyar soket lamba 14 mai kusurwa 12, a ɗaure Nm 23. Hemi 5.7 fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda. Injinan da suke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin su N54, GTI da EcoBoost na Ford, suna tara baƙin gawayi a bayan bawul, kuma babu maganin zubawa a tanki da yake kaiwa wurin, sai an buɗe an kankare.

Bayan wannan sai taya mai kyau, man birki da fad, sannan sanyaya. Sauya manhajar birenbos ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi haɗari a nan, domin yawancin waɗanda ake sayarwa a intanet don mai lamba 91 ko 93 na Amurka aka rubuta su. Ɗora su a kan fetur ɗinmu yana iya fasa fistin. Salansa daga bayan indomi ƙara take sauyawa, ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne. Fasa indomi kuma yana kawo wari da fitilar da ba ta mutuwa, wadda za ta rufe maka ganin sabuwar matsala. Idan ta toshe, ka fara gyara abin da ya kashe ta, wato tsallaken wuta ko shan baƙin mai.

Wasan mota a biki yana lalata mota?

Sosai. Motar tana ihu a wuri ɗaya, iska ba ta ratsa lagireto, man difarensha da na sitiyari suna tafasa, kuloci yana ƙonewa, tayoyin baya suna ƙarewa cikin mintuna. Amma abin da ya fi damunmu shi ne yaran da suke zagaye filin. Motar da tayoyin baya suke turawa idan taya ta kama ƙasa kwatsam, inda hancinta yake kallo take nufa, direba ba shi da ta cewa. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titin ekspres kilomita 100 a awa ne, cikin gari 50.

Ina zan sami kayan gyara na gaske?

Abin da babu a Sabon Gari ana nemansa a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo a Legas, wasu kuma sai an yi oda daga waje. Kada ka yi oda da sunan mota kawai. Ka ba da lambar bodi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, da lambar da ke jikin tsohon kayan. Fitila, rim, ƙofa ko kwamfaresar AC na kwatano ba laifi. Fulogi, fad, famfon ruwa, tamostat, bel da tiyo kuwa sababbi ake saya. Jabun fulogin iridiyum ya yi yawa, ka duba tsinin: na gaske siriri ne kamar bakin allura, rubutun jikinsa ba ya gogewa da farce.

Wane aiki ne bai kamata in taɓa a gida ba?

Jakar iska da duk waya mai ruwan ɗorawa da ke zuwa gare ta. Bututun fetur mai babban matsi na injinan fesawa kai tsaye, wanda matsinsa yake haura 100 a ma'aunin matsi na bar, yana iya huda fata. Matse sifirin ɗin shokozoba ba da na'urarsa ba. Sarƙar taimin, wadda take bukatar makullan riƙe shaf na musamman. Alaimen ma na masu na'ura ne. Idan za ka kai motar, ka tafi da takardar lambobin da ka rubuta, ka ce a ajiye maka duk kayan da aka cire, ka kuma nemi a buga maka sakamakon alaimen na kafin aiki da na bayansa.